Ƙona Tushen Rikicewar Bugun Zuciya ta Siririn Bututu: Tambayoyi da Amsoshi kan Hatsarinsa da Abin da Yake Yi wa Naman Zuciya

Mene ne wannan aiki, kuma me ya sa za a lalata wani ɓangare na zuciya da gangan?

Zuciya tana bugawa ne saboda wani ɗan saƙon lantarki da ke tasowa daga wani ƙulli a ɗakinta na sama na dama, ya bazu cikin ɗakunan sama biyu, ya ɗan dakata a ƙulli na biyu da ke tsakiyar zuciya, sannan ya gangara zuwa ɗakunan ƙasa masu tura jini. Ga baligi mai lafiya da ke hutawa, hakan na faruwa sau 60 zuwa 100 a minti guda. Bugun yana rikicewa idan wani wuri dabam ya fara harba nasa saƙon ba bisa tsari ba, ko kuma aka sami wata ƙarin hanya wadda saƙon ke kewayawa ta cikinta ba tsayawa.

Likita yakan zura siririn bututu mai lanƙwasuwa, wanda kaurinsa bai wuce 'yan milimitoci ba, ta jijiyar jini da ke gindin cinya har zuwa cikin zuciya. Da bututun yake sauraron saƙonnin lantarki, ya gano inda matsalar take, sannan ya kashe ƙwayoyin naman wurin da zafi, ko da sanyi, ko da bugun lantarki mai ƙarfi. Naman da ya mutu yakan koma tabo, shi kuwa tabo ba ya ɗaukar saƙon lantarki. A cutar karkarwar ɗakunan sama, wadda likitoci ke taƙaitawa da AF, ana jera tabon ne a zagaye bakin jijiyoyin da ke dawo da jini daga huhu, kamar yadda ake share layi kewaye da gona don kada wutar daji ta tsallako. Saboda haka raunin da ake yi shi ne maganin, kuma kusan duk wata tambaya game da hatsarin aikin tana komawa ga zurfin raunin: dole ya ratsa bangon zuciya daga ciki zuwa waje don ya tare saƙon, amma kada ya zarce ya taɓa abin da ke maƙwabtaka da ita.

Sabon abu ne, ko an daɗe ana yin sa?

An daɗe. A 1981 Dakta Melvin Scheinman na jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco a Amurka ya fara yin sa a jikin ɗan adam, da girgizar lantarki mai ƙarfi wadda ke da wuyar sarrafawa, kuma takan yi ɓarna fiye da yadda ake so. A ƙarshen shekarun 1980 aka koma amfani da lantarki mai saurin kaɗawa wanda ke ɗumama nama a hankali. A 1998 Dakta Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a birnin Bordeaux na Faransa suka nuna cewa yawancin saƙonnin da ke tayar da karkarwar ɗakunan sama daga jijiyoyin huhu suke fitowa, kuma daga nan aikin ya yaɗu a duniya.

Idan an yi amfani da zafi, me ke faruwa da naman a zahiri?

Mutane da yawa sukan ɗauka cewa bakin bututun ne ake zafafawa a ɗora wa nama, alhali ba haka abin yake ba. Lantarki mai kaɗawa kimanin sau 500,000 a daƙiƙa yana fita daga bakin bututun, ya ratsa jiki zuwa wani faffaɗan lika da aka manna a baya ko a cinya, kuma naman da ke manne da bakin bututun shi ne yake ɗumama saboda lantarkin ya fi cunkushewa a can. Wannan ɗumamar ta kai tsaye ba ta wuce kusan milimita 1 ba. Sauran zurfin raunin yana samuwa ne daga zafin da ke kwarara zuwa ciki sannu a hankali, kuma kwararar ba ta tsayawa nan take idan an kashe wutar, takan ci gaba na wasu daƙiƙoƙi. Wannan ne ya sa likitan da ke aiki kusa da wuri mai hatsari yake tsayawa tun kafin ya ga alamar matsala ta cika.

Idan nama ya kai digiri 50 a ma'aunin Salsiyas, ƙwayoyinsa sun mutu ke nan, ba dawowa. Tsakanin nan da digiri 100 ake son a tsaya, domin a digiri 100 ruwan da ke cikin nama yana tafasa. Idan tururi ya taru a cikin bangon zuciya, yana iya fashewa da wata 'yar ƙara da a wasu lokuta ake ji a ɗakin aikin, kuma fashewar na iya barin rami a bangon. Haka nan jinin da ke kusa da bakin bututun yana iya ƙonewa ya daskare, wani ɓarɓashi ya ɓalle ya bi jini. Domin rage wannan, bututun zamani suna da ƙananan huda da ke fesa ruwan gishiri yana sanyaya bakin, kuma da yawansu suna auna ƙarfin dannawa a giram, inda akasari ake neman wajen giram 10 zuwa 20. Idan dannawar ta yi kaɗan, raunin ba zai ratsa ba, aikin ya tashi a banza. Idan ta yi yawa, ana iya huda bangon.

A kwanakin farko wurin yakan kasance mataccen nama a tsakiya, da kumburi da ɗan zubar jini a gefensa. Jiki yana kwashe matattun ƙwayoyin ya maye gurbinsu da tabo cikin kimanin wata 2.

Da me aikin sanyi ya bambanta?

A nan ana hura wani ɗan balan-balan, wanda aka fi amfani da mai faɗin milimita 28, a toshe bakin jijiyar huhu da shi, sannan a saki iskar naituros oksaid a cikinsa har sanyinsa ya sauka ƙasa da sifili da digiri 40 zuwa 50, na tsawon minti 3 zuwa 4. Ƙanƙara tana haɗuwa a ciki da wajen ƙwayoyin nama ta fasa su, narkewar da ke biyo baya kuma ta ƙarasa su. Sanyi ba ya lalata fatar cikin zuciya kamar yadda zafi yake yi, don haka gudan jini bai cika haɗuwa a kan raunin ba, kuma bututun yakan manne da nama idan ya daskare, ba ya zamewa. Akwai wata fa'ida kuma da ta shafi bututun sanyi mara balan-balan, mai daskarar da wuri guda: idan aka tsayar da sanyin a wajen digiri 30 ƙasa da sifili, naman yakan yi shiru na ɗan lokaci ba tare da ya mutu ba, sai likita ya ga ko wurin ne daidai kafin ya ƙara sanyin. Shi ya sa ake yawan zaɓensa ga yara, da kuma wuraren da ke dab da ƙullin tsakiya.

Inda sanyi ya fi yin illa shi ne jijiyar saƙo da ke motsa tantanin numfashi, wato naman da ya raba ƙirji da ciki. Ta ɓangaren dama tana wucewa dab da jijiyar huhu ta sama. Yayin da ake daskarar da wannan ɓangare, akan sa wani bututu yana tsikarar jijiyar a kai a kai, cikin majiyyaci yana motsi kamar mai shaƙuwa, likita ko ma'aikacin jinya kuma ya ɗora tafin hannunsa a kan cikin yana jin kowane motsi. Da zarar motsin ya fara rauni, sai a tsayar da sanyin nan take. A wani babban bincike mai suna FIRE AND ICE da aka wallafa a 2016, kusan kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin sanyi sun bar asibiti da raunin wannan jijiya. Yawancin irin waɗannan sukan warke cikin watanni, kodayake kafin nan mutum kan iya jin numfashinsa ya gaza idan ya yi aiki ko ya kwanta rigingine.

Ana cewa sabuwar hanyar bugun lantarki ba ta taɓa komai sai zuciya. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki, amma an ɗan yi wa maganar gishiri. Wannan hanya ba ta dogara da zafi ko sanyi ba. Ana sakin lantarki mai ƙarfin sama da bolt 1,000 a ƙananan bugu waɗanda kowanne bai kai ko kusa da ƙiftawar ido ba, sai su huda fatar ƙwayoyin nama da ramuka da ba sa rufewa, ƙwayar ta mutu, amma ginshiƙin naman ya tsaya yadda yake. An amince da na'urar farko a Turai a 2021, a Amurka kuwa a ƙarshen 2023. Binciken ADVENT na 2023 ya nuna cewa nasararta ba ta gaza ta zafi da sanyi ba, kuma wani rahoto na 2024 mai suna MANIFEST-17K, da ya tattara bayanan majiyyata sama da 17,000, bai sami ko da mutum ɗaya da bututun abincinsa ya lalace ba, ko jijiyar huhunsa ta tsuke, ko jijiyar numfashinsa ta shanye dindindin.

Sai dai ta zo da nata matsalolin. Idan an yi aiki kusa da jijiyar da ke ciyar da zuciya da jini, jijiyar na iya matsewa farat ɗaya, don haka akan ba da maganin buɗe ta tun kafin a fara a irin waɗannan wurare. Idan kuma an yawaita bugun, jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa, fitsari ya yi duhu, a 'yan mutane ƙalilan har ƙoda ta jigata. Ban da haka, bututu dai bututu ne: huda bangon zuciya, da zubar jini a cinya, da gudan jini, ba su da alaƙa da irin makamashin da aka zaɓa. Kuma bayanan shekaru masu yawa da ake da su a kan zafi da sanyi ba su taru ba tukuna a kan wannan hanya.

Shin tabon ba zai raunana zuciya ba?

A mafi yawan lokuta a'a. Kowane rauni 'yan milimitoci ne, kuma galibin aikin a ɗakunan sama ake yin sa, alhali babban aikin tura jini na ɗakunan ƙasa ne. Idan aka gwada jini washegari, za a ga sinadarin turofonin, wanda ke nuna raunin naman zuciya, ya hau, kuma hakan abin da ake tsammani ne, ba alamar toshewar jijiyar zuciya ba. Sau da yawa ma zuciyar da ta gaji saboda ta daɗe tana bugu da sauri takan farfaɗo bayan an daidaita bugunta. Binciken CASTLE-AF na 2018 ya sami raguwar mace-mace a cikin masu gazawar zuciya da karkarwa waɗanda aka yi wa aikin. Inda ake samun matsala shi ne idan an maimaita aikin sau da dama aka ƙona fili mai faɗi, domin ɗakin sama na hagu na iya yin tauri ya kasa karɓar jini yadda ya kamata.

Waɗanne matsaloli ne suka fi faruwa?

Wadda ta fi kowacce yawa ba a zuciya take ba, a gindin cinya take, inda aka huda jijiya: kumburin jini a ƙarƙashin fata, ko ɗan yoyo tsakanin jijiyoyi biyu. Yin amfani da na'urar hoton sauti wajen huda jijiyar ya rage wannan sosai.

Wadda ta fi bukatar gaggawa ita ce taruwar jini a cikin jakar da ta lulluɓe zuciya, sakamakon huda bangon. Jakar ba ta miƙewa da sauri, don haka jini kaɗan ma ya isa ya matse zuciya ya hana ta cika, awon jini ya faɗi. A aikin karkarwa tana faruwa ga kimanin mutum 1 cikin 100. Yawanci ana gano ta a kan teburin aiki, a zura allura ta ƙasan ƙashin ƙirji a janye jinin, kaɗan ne ke kai wa ga tiyata. Tana iya bayyana bayan kwanaki, shi ya sa jiri mai tsanani ko suma bayan an koma gida ba abin jira ba ne. Rasa rai a aikin karkarwa bai cika wuce mutum 1 cikin 1,000 ba.

Me ya sa likitoci suke yawan nanata maganar bututun abinci?

Saboda wurin da yake kwance. Bututun da ke kai abinci daga maƙoshi zuwa ciki yana gangarowa ne a bayan ɗakin sama na hagu, kuma abin da ya raba su bai wuce 'yan milimitoci ba, bangon zuciya a nan kuwa siriri ne ƙwarai. Zafin da ya zarce yana iya yi wa bututun abinci gyambo. Mafi yawan irin wannan gyambo yakan warke ba tare da mutum ya sani ba, amma a wasu ƙalilan yakan ci gaba da cin nama har kafa ta buɗe tsakanin bututun abinci da zuciya, iska da ƙwayoyin cuta su shiga jini kai tsaye su nufi ƙwaƙwalwa. Binciken POTTER-AF na 2023, wanda ya duba ayyuka sama da 550,000, ya sami wannan a kimanin aiki 1 cikin 4,000, akasarinsu bayan amfani da zafi, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda abin ya shafa sun rasu.

Abin da ya sa wannan matsala take da mugun hali shi ne jinkirinta. Ba ta bayyana a ranar aiki, sai bayan mako 1 zuwa 4, wani lokaci har wata 2, lokacin da majiyyaci ya koma harkokinsa, kuma likitan da zai fara gani mai yiwuwa ba shi ne ya yi aikin ba. Zazzaɓi, ciwon ƙirji, zafi wajen haɗiya, aman jini, ruɗewa ko raunin wani ɓangare na jiki a wannan tsakani, duk dalili ne na zuwa asibiti nan take, tare da faɗa wa likita ranar da aka yi aikin tun kafin ya tambaya. Gwajin da ya dace shi ne hoton siti-sikan na ƙirji. Zura kyamara ta maƙoshi, wanda shi ne abin da zai fara zuwa a ran likita ga mai wahalar haɗiya, yana da hatsari a nan, domin iskar da ake hurawa yayin gwajin na iya bi ta kafar ta shiga zuciya. Waɗanda aka gano da wuri aka yi musu gyara sun fi samun kuɓuta nesa ba kusa ba.

Domin kariya, akan rage ƙarfi ko tsawon ƙonawa a bangon baya, wasu cibiyoyi suna sa ma'aunin zafi a cikin bututun abinci, kuma akan ba da maganin rage tsamin ciki na wasu makonni. A wannan wuri ne kuma jijiyoyin saƙo masu kula da motsin tumbi suke bi, saboda haka wasu kan yi fama da kumburin ciki da saurin ƙoshi na ɗan lokaci.

Akwai hatsarin shanyewar ɓarin jiki?

Akwai, amma bai kai mutum 1 cikin 100 ba. Gudan jini na iya haɗuwa a jikin bututu ko a kan sabon rauni, iska ma na iya shiga ta kwanson da ake zura bututun ta cikinsa. Saboda haka akan sa majiyyaci ya sha maganin tsinka jini na aƙalla mako 3 kafin aiki, ko a duba cikin zuciyarsa a tabbatar babu gudan jini, a ba shi hefarin, wani maganin tsinka jini na allura, yayin aikin ana auna jininsa lokaci zuwa lokaci, sannan ya ci gaba da magani na wata 2 zuwa 3 aƙalla. Bayan nan, ci gaba ko dainawa ya danganta ne da shekarun mutum da sauran cututtukansa, kamar hawan jini da ciwon suga, kuma ba shawara ba ce da mutum zai yanke wa kansa don kawai ya ji bugunsa ya daidaita. Hoton MRI yakan nuna wasu ƙananan ɗige-ɗige a ƙwaƙwalwar wasu majiyyata bayan aiki ba tare da wata alama ba, yawancinsu kuma sukan ɓace a hoton da aka sake ɗauka daga baya.

Zan iya ƙarewa da na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirjina?

Wannan ya shafi ayyukan da ake yi dab da ƙullin tsakiya ne, musamman irin saurin bugun da ke kewayawa a cikin ƙullin kansa. Nasarar aikin a wannan cuta ta haura kashi 95 cikin 100, hatsarin lalata ƙullin har a bukaci na'ura kuwa bai kai kashi 1 ba. A wasu tsofaffi da magani ya kasa rage musu gudun zuciya, da gangan ake kashe ƙullin bayan an dasa na'urar.

Jijiyoyin huhu fa, da hasken eksire?

A shekarun farko ana ƙonawa ne a cikin jijiyoyin huhu, sai tabon ya tsuke su, mutum ya zo bayan watanni da tari, ko ƙarancin numfashi, ko tarin jini, har a ɗauka ciwon huhu ne. Tun da aka koma yin zagayen a waje da bakinsu, tsukewa mai tsanani ta yi ƙaranci. Hasken eksire kuwa, wanda ake kallon bututun da shi a cikin jiki, amfani da shi ya ragu matuƙa saboda na'urorin da ke zana taswirar zuciya a kwamfuta, har wasu cibiyoyi suna kammala aikin ba tare da shi ba. Duk da haka, macen da ke zaton tana da juna biyu ta faɗa tun kafin a sa rana.

Bugun ya sake rikicewa mako biyu bayan aiki. An yi asara ke nan?

Ba lallai ba ne. Naman da ke gefen rauni yana kumbure, kuma kumburin da kansa yana tayar da rikicewa, shi ya sa likitoci ba sa yanke hukunci a kan sakamakon aiki sai bayan wata 2 zuwa 3. A wannan lokaci ɗan ciwon ƙirji da ke ƙaruwa idan an ja dogon numfashi, da ɗan ƙarin saurin bugu a hutu, ba baƙon abu ba ne. Idan karkarwa ta dawo bayan wannan wa'adi, dalilin da aka fi samu shi ne wasu ƙwayoyin da suka suma kawai ba su mutu ba sun farfaɗo, suka buɗe giɓi a zagayen tabon, kuma aiki na biyu yakan zama na neman wannan giɓi a rufe shi. A karkarwa mai zuwa ta tafi, kimanin mutum 7 cikin 10 sukan kai shekara guda ba ta dawo ba bayan aiki ɗaya; a wadda ta daɗe ta zauna, adadin ya gaza haka.

Wa ya fi fuskantar hatsari, kuma me ya kamata a tambayi likita?

Hatsarin matashi mai ƙarin hanyar lantarki da aka haife shi da ita ba ɗaya yake da na dattijon da ake yi wa aiki a ɗakunan ƙasa bayan toshewar jijiyar zuciya ta bar masa tabo ba. Na biyun ya fi yawa ƙwarai, domin zuciyar ta riga ta yi rauni, aikin ya fi tsawo, kuma wani lokaci sai an shiga ta wajen zuciya. Tsufa, ƙiba mai yawa, ciwon ƙoda da ɗaukewar numfashi cikin barci duk suna ƙara nauyi. Ƙwarewar mai aikin ma tana da tasiri, domin bincike da dama ya nuna matsaloli sun fi yawa a cibiyoyin da ba sa yin aikin a kai a kai. Kuma wajibi ne a auna hatsarin da na barin cutar, da na magungunan daidaita bugu, waɗanda wasunsu kamar amiyodaron suke taɓa huhu da hanta da maƙoƙo idan an daɗe ana sha.

Majiyyaci yana da haƙƙin ya tambayi sunan ainihin rikicewar da ke damunsa, da irin makamashin da za a yi amfani da shi da dalilin zaɓensa, da yawan irin wannan aiki da likitan yake yi a shekara, da ko akwai likitan tiyatar zuciya a kusa idan bukata ta taso. Kafin ya bar asibiti kuma ya karɓi takarda mai ɗauke da ranar aikin, da irin abin da aka yi, da lambar da zai kira dare ko rana a cikin watanni biyun farko.